A auna iskar ƙasa kafin a yi gini a tsohon gidan mai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka taimaka mini da ɗan fili in yi kuka a kan abin da ke faruwa a unguwarmu. Wani tsohon gidan mai da aka daɗe da rufewa an rushe shi, ana zuba shaguna a wurin. Tankokin da ke binne kuwa ba wanda ya tono su. Rijiyar maƙwabcina, wadda katanga ɗaya ta raba ta da filin, da ka ja guga sai ƙaurin fetur ya doki hancinka, ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a saman ruwan. Yanzu ko alwala ba a yi da shi.

Kuma akwai hanyar gano ɓarnar ba tare da an farfasa ko'ina ba. Fetur idan ya tsiyaya ƙarƙashin ƙasa ba ya zama shiru, tururinsa yana bin ƙofofin da ke tsakanin yashi, har ya kutso ɗaki ta tsagar daɓe. Masana sai su kafa siririn bututu, zurfin mita ɗaya zuwa biyu, su toshe bakin ramin don kada iskar waje ta shiga, su zuƙo iskar cikin ƙasar a gwangwani mai murfi, a kai ɗakin gwaji. Idan aka yi haka a wurare da dama, za a ga inda gubar ta taru da inda ta nufa. Wajen gyara ma inji ne ke tsotso tururin, a tace shi da gawayi na musamman. Ya fi ci a ƙasa mai yashi. A yumɓu sai an yi haƙuri. Ba kowace guba gwajin iskar yake kamawa ba: dalmar da ta kashe yara a Zamfara a 2010 ba ta tururi, nata gwajin daban.

Abin tsoron shi ne benzin, wani sinadari da ke cikin fetur, wanda ke haddasa sankarar jini. Rahoton UNEP, hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 kan yankin Ogoni ya same shi a rijiyoyin garin Nisisioken Ogale fiye da ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane kuma suna sha.

Ina kira ga NOSDRA, hukumar da ke sa ido kan malalar mai a Najeriya, da hukumomin tsara birane: duk mai son gini a tsohon gidan mai, ya kawo takardar wannan gwaji kafin a sa masa hannu, kuma kuɗin ya fito daga aljihunsa. A namu filin har an kai ginin linta.

Naka,
Mai karanta jaridarka daga Kano