Don Allah a daina farfasa tsofaffin na'urorin CD

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da 'yan uwana masu gyaran rediyo da samarinmu masu sayen kondem a nan Accra, kan tsofaffin na'urorin CD da ake sauke mana a tashar jiragen ruwa ta Tema cikin kayan gwanjo. Wallahi abin yana ci min rai, na'urar da a zamaninta sai mai hali ke iya saye, yau ka ga yaro ya sa guduma ya fasa ta don ya ciri taransfoma ya auna jan ƙarfen a kilo, alhali mafi yawansu ba mutuwa suka yi ba.

Sony ce ta fara fitar da CDP-101 a Japan a 1982, ita da Philips suka haɗa kai suka ƙirƙiro faifan, kuma daga nan zuwa farkon shekarun 1990 kamfanoni sun yi ta gasar wa zai fi wani, shi ya sa in ka ɗaga irin su Marantz CD-94 ko manyan Sony masu tambarin ES sai ka ji hannunka ya yi ƙasa, ƙarfe ne zalla. Wasu za su ce ai CD da lambobi yake ajiye sauti, kuma lamba lamba ce, abin da ke kan faifai ɗaya ne ko a wace na'ura aka sa shi. Gaskiya ne, amma kunne ba ya jin lamba, sai an mayar da ita sauti, kuma a nan ne aka zuba kuɗin, a ɗan guntun da ke yin wannan juyin kamar TDA1541 na Philips da har yau masu son sauti ke nema ruwa a jallo, da kuma wutar da ke ciyar da shi. Faifan CD yana ba da kilobit 1411 a daƙiƙa, MP3 ɗin da muke turawa juna a waya sau da yawa 128 ne. Ka sa karatun Alƙur'ani mai kyau ko tsohon hailayif ta amfilifaya da sifika na kirki, za ka ji numfashin mai karatu kafin ya ɗauki aya, ganga ta tsaya a wurinta ba ta danne kakaki ba. Ni dai kunnena bai taɓa samun wannan a waya ba.

To me ke sa a ce ta mutu? Na farko ma faifan. Mutum ya sa faifan MP3 da aka ƙona masa a kwamfuta, na'urar ta rubuta babu faifai, shikenan a yanke mata hukunci, bayan ita ba ta san MP3 ba sam, an ƙera ta kafin zuwansa, ko CD-R, wato faifan da ake ƙonawa a kwamfuta, ma wasu da ƙyar suke karantawa. A gwada da faifai na asali tukuna. Sai tire da ya ƙi fitowa, ka ji ɗan injin da ke tura shi na kuka a ciki amma shiru, wannan bel ne, 'yar robar nan ta saki ko ta narke ta zama kamar kwalta saboda zafinmu, a Zongo Lane za ka nemo madadinta da kuɗi kaɗan. Sai ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan idon leza mai karanta faifan, auduga da ɗan sifirit a shafa a hankali ya wadatar, kada a danna, idon a kan 'yan siraran wayoyi ko roba yake lilo. Tsohon giris da ya daskare a kan layin da idon ke tafiya a goge a sa sabo ɗan kaɗan, kafasita da suka kumbura ko suka yi yoyo a canza su.

Inda nake roƙon masu gyara da babbar murya shi ne ɗan sukurun ƙarfin leza. Na ga ana yi, na'ura na tsalle sai a sa sukundireba a murɗa shi, ta karanta a gaban mai ita, ya biya ya tafi yana murna, bayan 'yan makonni idon ya ƙone gaba ɗaya. Idanu irin KSS-151A na manyan Sony an daina yin su tuntuni, in ya tafi ya tafi kenan. Ba a taɓa wurin nan sai da na'urar awo da littafin gyaranta, kuma sai an gama duba duk sauran.

Sai wuta. Ƙarfin wutarmu volt 230 ne, na Japan 100, na Amurka 120, don Allah a juya bayan na'urar a karanta kafin a jona, in ba tamu ba ce a nemi taransfoma mai rage wuta. Zamanin dumso, wato yawan ɗauke wuta, kuma ya koya mana yadda dawowar wuta ke cinye kaya, a sa sitabilaiza, in an ɗauke a zare daga soket.

Ku kuma samarinmu na kondem, in kun samu mai nauyi da sunan Marantz, Philips, Sony, Denon ko Revox a goshinta, ku ajiye guduma ku kai wa mai gyara ya gani tukun. Ko ba ta tashi ba, idonta da injin tirenta za su tayar da wata, kuma abin da za a ba ku ya fi kuɗin kilo.

Naku,
Mai karatu daga Nima, Accra