Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta ungozomomi

Assalamu alaikum iyayenmu manya da 'yan uwa abokan aiki, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya.

Taron wata-wata bai tsaya ba, sai dai da damina mutane sun yi ƙaranci, kuɗin ƙungiya kuma har yanzu akwai waɗanda ake bi bashi, dan Allah a ga ma'aji. Ranar ungozoma ta duniya, 5 ga Mayu, mun shiga unguwanni wayar da kai kan zuwa awo.

Abin da ya fi cin mana lokaci bana maganar mazaje ce, wai miji ya shiga ɗakin haihuwa ko kar ya shiga. Matasanmu sun kafa hujja da shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2018 cewa a bar mai naƙuda ta zaɓi wanda zai zauna da ita, suka ce namijin da ya ga wahalar nan da idonsa ba ya gardama in an zo batun tazarar haihuwa. Manyanmu suka ce toh a ina za a ajiye shi, ɗaki ɗaya gadaje a jere labule kawai ya raba, matar wani na kwance a gadon kusa, ga kuma kunya, mai haihuwar fari da ko sunan mijin ba ta iya kamawa, da yawa uwa ko yaya suke so a kusa, wata ma tana gidansu goyon ciki. Ni dai a ganina zaɓin na mai cikin ne, a tambaye ta tun wajen awo, ba gaban surukarta ba.

Inda bakinmu ya zo ɗaya shi ne kar miji ya yi nisa. Ya bar izini tun kafin naƙuda a kai ta asibiti ko ba ya gida, wayarsa a kunne, kuɗin mota a ajiye. Wallahi mun sha ganin jini na zuba ana neman mai sa hannu a shiga tiyata ko mai ba da jini, shi kuma yana kasuwa waya a kashe. Wannan saƙon muka kai wa limamai da masu unguwa da majalisun maza, wasu sun saurara, wasu dariya suka yi wai harkar mata ce.

Baɗi in Allah ya kai mu za mu nemi a ƙara labule masu kauri da benci a baranda don masu rakiya, mai son shiga kwamitin da zai bi wannan maganar ta ba sakatariya sunanta kafin taro na gaba.