Rahoton Sakatare na Ƙarshen Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Malaman Tarihi

Assalamu alaikum.

Malam Shugaba, iyayenmu da suka ajiye alli amma ba su ajiye mu ba, 'yan uwa malaman tarihi maza da mata, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar karatun da ta ƙare. Na sa shi a zaurenmu na WhatsApp tun kafin ranar taro don kowa ya karanta a tsanake, ya zo da gyaransa. Lissafin kuɗi yana cikin rahoton ma'aji, ba zan taɓa shi ba sai inda ya zama dole.

Mun yi taron kowane zango kamar yadda muka saba, sai dai na zango na biyu da aka ɗaga saboda ya faɗo cikin azumi. Mun samu sababbin 'yan ƙungiya, yawancinsu matasan malamai da aka ɗora wa darasin tarihi bayan an dawo da shi ƙananan azuzuwa, alhali wasunsu wani fanni daban suka karanta. Mun shirya musu bita a hutun zango na farko. A cikin shekarar kuma muka rasa ɗaya daga cikin iyayenmu da suka kafa ƙungiyar nan. Mun je ta'aziyya, iyalansa suka ba mu akwatin littattafansa. Allah ya jiƙansa, ya sa su zame masa sadaka mai gudana.

Babban aikin bana shi ne gasar insha'i ta ɗaliban manyan azuzuwan sakandare a kan yaƙe-yaƙe da shugabanni da lokutan da duniya ta sauya, kuma a kanta zan daɗe.

Kun tuna abin da ya faru bara. Mun ba yara batutuwa irin "Rubuta tarihin Yaƙin Duniya na Biyu" da "Rubuta tarihin Nelson Mandela". Da muka zauna dubawa, sai muka riƙa cin karo da takardu daga makarantun da ba su san juna ba, amma jimla ɗaya, tsari ɗaya, har kuskuren ma ɗaya. Kowa ya shiga waya ya kwafo. Aka yi ta faɗa a taro cewa yaran yanzu malalata ne. Ban yarda ba a lokacin, bana kuma ta ƙara tabbatar mini cewa tambayarmu ce ke da laifi. In ka ce wa yaro ya rubuta tarihin wane, ɗebo ruwa ka aike shi, famfo kuwa yana aljihunsa.

Don haka kwamitin batutuwa ya kafa sharaɗi: kowane batu ya zama tambayar da mutum biyu masu hankali za su iya saɓawa a kanta. Ɗalibi ya ɗauki ɓangare, ya kawo hujja da shekara da sunan wuri, sannan ya faɗi abin da mai ja da shi zai ce, ya ba shi amsa. Kowane batu muka haɗa masa shafi biyu na bayani da taswira, aka yi fotokwafi aka raba wa makarantu, domin kada ɗan ƙauyen da ba shi da waya ko laburare ya zama ɗan kallo. An yarda a rubuta da Hausa ko da Turanci.

Batun da ya fi jan yara shi ne na Adwa: me ya sa Habasha ta kori Italiya a 1896, alhali a shekarun nan Turawa sun ci kusan duk inda suka nufa a Afirka? A shafin bayani mun sa musu labarin yarjejeniyar Wucale ta 1889, wadda Sarki Menelik na Biyu ya ƙulla da Italiya. Sashe na 17 na takardar, a harshen Amhara, ya ce Menelik yana iya bi ta hannun Italiya in zai yi magana da sauran ƙasashen Turai. A Italiyanci kuwa cewa aka yi tilas ne ya bi. Menelik ya gano, ya yi watsi da yarjejeniyar, magana ta kai ga yaƙi. Ranar 1 ga Maris 1896 rundunarsa mai mutum wajen 100,000 ta rutsa da sojojin Janar Baratieri, waɗanda ba su kai 20,000 ba, a tsakanin duwatsun Adwa.

Yawancin yara sun tsaya ne a kan jarumta da yawan mutane. Amma akwai takarda ɗaya da ta tsaya mini a rai. Ranar Asabar ɗin da muka yi dubawa muna cikin wani aji da aka ara mana, takardu cike da jakar Gana-mas-go, iskar hunturu na shigowa ta taga tana ɗaga shafuka har sai da muka danne su da tsakuwa. Can sai wata malama ta ce kowa ya ajiye jan biro, ta miƙe ta karanta mana rubutun wata yarinya 'yar aji biyar. Yarinyar ta ce yawa kaɗai bai isa hujja ba, domin bayan shekara biyu, a 1898, dakarun Halifa Abdullahi na Sudan sun fi na Kitchener, kwamandan Ingila, yawa a Omdurman, amma bindigogi masu jigida suka zubar da su tun ba su iso ba. Abin da ya bambanta Menelik, in ji ta, shi ne ya yi shekaru yana sayen bindigogin zamani daga hannun Turawan kansu, ya kuma shawo kan hakiman ƙasarsa masu gaba da juna suka fito tare. Sannan ta juyo ta ja da kanta: abinci ya kusa ƙare wa rundunar Habasha, da Baratieri ya ƙara haƙuri bai biye wa matsin Firaministan Italiya Crispi ba, wataƙila da rundunar ta watse ba a yi karo ba. Zancen Omdurman ba ya cikin shafinmu. Ita ta je ta tambayi malaminta ko akwai wani wurin da masu yawa suka sha kashi, ya ba ta littafi. Ita ta zo ta ɗaya, kuma da Hausa ta rubuta.

Bari in faɗi wannan a nan tunda ya taso: a bana takardun Hausa sun fi na Turanci ƙarfin hujja, kuma duk alƙalan gasar sun ga haka. Yaron da ke fama da neman kalma ba shi da sauran ƙarfin gina hujja. Wannan bai hana mu koya musu amsa jarrabawa da Turanci ba, amma ina roƙo kada a sake kawo shawarar soke ɓangaren Hausa.

A kan Yaƙin Duniya na Ɗaya mun tambaya: harsashin da Gavrilo Princip ya kashe Yarima Franz Ferdinand na Ostiriya da shi a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914 ne ya haddasa yaƙin, ko dama an daɗe ana tara itace? Kusan kowa ya buɗe da cewa ruwa ba ya tsami banza, amma kaɗan ne suka iya bin igiyar: Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi kan Sabiya bayan wata guda cif, Rasha ta tashi don Sabiya, Jamus don Ostiriya, Faransa na ɗaure da Rasha, Ingila ta shigo ranar 4 ga Agusta bayan Jamus ta ratsa Beljiyam. Waɗanda suka iya, da ka bincika za ka tarar malaminsu ya zana taswira a allo. Abin da ya ba yara mamaki shi ne jin cewa wutar ta iso nan kusa da mu. Sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru, Garwa ta faɗi a 1915, sojojin Jamus da suka ja daga a dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. Aka raba Kamaru tsakanin Faransa da Ingila, kuma daga rabon Ingila ne yankin arewa ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar 1961.

Batun Yaƙin Duniya na Biyu mun karkata shi ga runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda suka yi yaƙi ƙarƙashin Ingila: me suka je yi Bama, me kuma suka dawo da shi? Wani yaro ya je ya zauna da kakarsa, wadda mahaifinta yana cikin waɗanda suka je. Ta buɗe masa adudu ta fito da lambar girma a naɗe cikin tsohon ƙyalle, ya ɗauki hoton lambar ya liƙa a takardarsa. Ta ce tsohon ya dawo yana Hausar bariki, yana son shayi da sassafe, kuma har ya rasu ba ya son a tambaye shi dajin can. Ta kuma ce Hitila ya yaƙa, yaron ya rubuta haka yadda ya ji. Mun kira shi muka nuna masa cewa mutanenmu suna kiran yaƙin duka Yaƙin Hitila, amma a Bama da sojojin Japan aka kara, kuma maganar tsofaffi hujja ce mai daraja wadda ake aunawa da abin da aka rubuta. Mun ba shi kyauta ta musamman. Ina ganin irin wannan aiki ya kamata mu gaggauta, domin 'ya'yan waɗancan sojoji ma tsufa ya cim musu.

Ɓangaren shugabanni shi ne ya fi rauni, kuma ya dame ni. Yaranmu da an ambaci shugaba sai su kama kirari. Mun tambaye su yadda za a auna Napoliyon, wanda ya kafa wa Faransa kundin dokokin da har yau ake gini a kansa a 1804, shi ne kuma ya dawo da bauta a yankunan da Faransa ke mulka a 1802. Mun tambaye su Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo wa Gana 'yanci a 1957 ya gina madatsar Akosombo, amma ya kafa dokar tsare mutane ba shari'a a 1958, ya mayar da ƙasar mai jam'iyya ɗaya a 1964, sojoji suka kifar da shi a 1966. Kusan duk takardun ɓangare ɗaya suka gani, ko yabo zalla ko zagi zalla. Abin da ya fi ɗaga mini hankali kuwa, 'yan takardu ne da suka kauce wa tambaya suka shiga yabon Hitila, wai namijin duniya ne, daga guntayen bidiyon da suke gani a waya. Mutumin da gwamnatinsa ta hallaka Yahudawa miliyan 6 da gangan, wanda ya ɗauki baƙar fata ƙasa da mutum, shi yaronmu ke yi wa kirari. Ba mu hukunta yaran ba. Mun sanar da malamansu a asirce, kuma kwamiti zai shirya darasi guda a kan yadda ya hau mulki a 1933 da abin da ya biyo baya, kowa ya koyar kafin ƙarshen zango na farko.

A ɓangaren lokutan da duniya ta sauya, da yawa sun ɗauki cin Kustantiniyya a 1453, amma sun ƙare a labarin jiragen ruwan da Muhammadu Alfatih ya sa aka ja ta tudu. Taron Barlin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashe 14 suka zauna kan Afirka ba ɗan Afirka ko ɗaya, ya samu takardu masu zafin rai da ƙarancin hujja. Na yi baƙin ciki da kusan ba wanda ya taɓa yaƙin Tondibi, inda 'yan bindigar Sarkin Maroko ƙarƙashin Judar Basha suka karya daular Songhai a 1591, bayan rigimar gadon sarauta ta riga ta raunana ta. Maƙwabtanmu ne na yamma, amma yara sun fi sanin Turai. Batun da na so ƙwarai shi ne na 1804, shekarar da Haiti ta ayyana 'yancinta bayan bayi sun kori Faransa, Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, Napoliyon kuma ya naɗa kansa sarki. Ya yi wa yara nauyi. Sai mun rage shi ko mun ƙara masa shafi.

Akwai inda muka gaza. Fotokwafi ya makara isa makarantun nesa, wasu sai da saura mako guda suka samu, don haka takardun ƙauye ba su yi yawan da muka so ba. Wata makaranta ta aiko da takardun da ko makaho ya shafa ya san babba ne ya tsara su. Mun cire su daga gasa, Shugaba ya yi magana da wanda abin ya shafa, ba sai an ambaci suna ba. Kyaututtuka, wato littafin taswirori da ƙamus, da kuɗin aljihun wasu 'yan ƙungiya aka cike su, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Allah ya saka musu da alheri. Jerin sunayen ƙasashe da birane da muka fara daidaita rubutunsu da Hausa, don kada wannan ya rubuta Barlin wancan ya rubuta wani abu, ya tsaya a rabi.

Abu biyu ke jiran hukuncinku a taro. Na farko, ko a sa yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 cikin batutuwan baɗi. Kwamiti ya rabu biyu a kansa. Wasu suna tsoron abin da zai tayar a ajin da ke da yara daga kowane ɓangare na ƙasar nan, kuma tsoronsu yana da dalili. Ra'ayina a sa shi, bayan an yi wa malamai bita ta musamman, domin yaran suna jin labarin a waya ko mun koyar ko ba mu koyar ba, kuma gara su ji shi a gaban malami. Na biyu, muna neman malami ɗaya daga kowace shiyya da zai ɗauki nauyin kai shafukan bayani da karɓo takardu, a biya shi kuɗin mota daga asusu. Mai so ya ba ma'aji sunansa kafin a tashi taro, ya kuma zo da kuɗin watannin da ake binsa.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya