Rahoton ayyukan shekara ga mambobin ƙungiyarmu ta masu buga Plants vs. Zombies

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, manyanmu da ƙannenmu, maza da mata. Shekara ta zagayo, kuma kamar yadda muka saba, ga bayanin abin da muka yi da abin da ya gagare mu. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta muku a taron ƙarshen shekara. Abin da ke wuyana a matsayin sakatare shi ne zaman da muka yi, gasar da muka shirya, da ra'ayoyin da kuka bayar a kan wasan da ya haɗa mu.

Saboda sababbin mambobi, bari in ɗan koma baya. Kamfanin PopCap Games na Amurka ne ya fitar da wasan a watan Mayu na 2009, George Fan kuma shi ne ya tsara shi. Da farko a kwamfuta ake buga shi, daga baya ya sauko wayoyin hannu. A 2011 kamfanin Electronic Arts ya sayi PopCap, a 2013 kuma kashi na biyu ya fito. Tsarin wasan ba shi da wuyar faɗa: 'yan zombi, wato gawarwakin nan masu tafiya, suna tahowa daga dama, gidanka yana hagu, a tsakaninku akwai fili mai layi 5 a yawancin matakai, kowane layi da gurbi 9. Kai kuma ba ka da makami sai tsirrai, kowane tsiro da farashinsa na rana, wato ƙwayoyin hasken rana da ake tarawa a sayi tsirrai da su. Kashi na farko yana da mataki 50 a babban zagayensa, da tsirrai 49.

Zaman mako-mako

Shi ne ƙashin bayan ayyukanmu na bana. Mun riƙa haɗuwa, mutum ɗaya ya buga, sauran suna kallo suna ba da shawara, wani lokaci shawarar ta yi wa mai bugawa yawa. A farkon shekara muhawarar da ta fi ɗaukar lokacinmu ita ce ko wannan wasan na yara ne kawai, abin rage dare, ko kuwa yana buƙatar tunani na gaske. Masu cewa na yara ne suna da hujja: zanen ban dariya ne, furanni suna rawa, zombi ya kifa bokiti a kansa yana tangaɗi. Amma zuwa tsakiyar shekara na lura cewa da yawa daga cikin masu wannan magana sun daina yin ta, kuma abin da ya sauya musu ra'ayi shi ne minti na farko na kowane mataki.

Akwai wani zama da ba na mantawa da shi. Wata ƙanwarmu da ta shigo ƙungiya a lokacin ta karɓi waya. An fara mata da rana 50. Ta ƙi taɓa ta, ta jira wata ta faɗo daga sama, ta jira wata kuma, har ta haɗa 100 ta dasa maharbin wake, domin a ganinta wanda ake kawo wa hari makami yake fara nema. Zombi na farko ya faɗi, ta yi murmushi. Na biyu ya bullo a wani layi daban, ba ta da ko ƙwayar rana. Na uku ya zo da hular mazugi a kansa. Kafin ayarin ƙarshe ya iso, injinan yankan ciyawa uku sun tafi, waɗanda su ne kariya ta ƙarshe a bakin ƙofa, kuma kowane layi sau ɗaya nasa yake aiki. Sai wani dattijo daga cikinmu ya ce mata, “'Yata, sake daga farko, amma wannan karon ki fara da abin da zai ciyar da ke.” Ta dasa furen rana, tsiron da ke samar da rana, da 50 ɗin farko. Da zombi ya leƙo, ya sa ta binne nakiyar dankali mai rana 25 can baya kusa da gida, domin nakiyar tana buƙatar lokaci kafin ta nuna kai, idan an sa ta a gaban zombi cinye ta kawai zai yi. Yayin da yake jan ƙafa zuwa wurinta, ita tana ta jera furanni. Ta gama matakin ba ta rasa inji ko ɗaya ba.

Wannan darasi mun maimaita shi fiye da kowane a bana, kuma a ra'ayina shi ne zuciyar wasan. Duk wanda ya ga maƙiyi yana tahowa hankalinsa yakan tafi ga harbi. Wasan kuwa yana so ka kashe mafi ƙarancin abin da zai tsayar da hatsarin da ke gabanka, ka zuba sauran a abin da zai haifar maka da ƙari. Inda mambobi suka rabu shi ne yawan furannin. Wasu sun tsaya a kan jeri ɗaya, wasu sun ce sai biyu, akwai kuma masu cika fili da furanni sannan su tone su da shebur idan rana ta taru. Ni ina tare da masu jeri biyu a yawancin matakan rana, amma na ga masu jeri ɗaya suna cin nasara da kyau, don haka ban ɗauki maganar a rufe ba.

Dare, hazo da rufin gida

Matakan dare sun sami yabo fiye da yadda na zata. Da dare rana ba ta faɗowa daga sama, ga kaburbura sun cinye gurabe a fili. Sababbi sukan firgita, har sai sun gano ƙaramar laimar kwaɗin nan da ake dasawa kyauta. Harbinta ba ya zuwa nesa, zombi kan cinye ta cikin sauƙi, amma tunda ba ta cin ko rana ɗaya, ka sake dasa wata. Mambobi da dama sun ce a nan ne suka fara fahimtar cewa tsiro mafi tsada ba lallai ne ya zama mafi amfani ba.

Hazo ne ya fi shan suka. Waɗanda ba sa son sa sun ce rufe kusan rabin fili ba gwajin basira ba ne, hana mutum gani ne kawai. Masu kare shi sun ce an ba ka maganinsa, akwai tsiro mai fitila, akwai mai hura iska da ke kore hazon ya kuma tafi da 'yan zombi masu balan-balan, matsalar ita ce kowannensu zai ci maka gurbin iri, wato wuri a jerin tsirran da za ka shiga mataki da su, kuma da gurbi 6 kawai ake farawa kafin a sayi ƙari da kuɗin cikin wasa. A nan ina ganin masu kare hazo sun fi gaskiya. Zaɓen abin da za ka bari a baya kafin a fara mataki rabin wasan ne. Shi ya sa ake nuna maka irin 'yan zombin da za su zo tun kafin ka zaɓi iri, kuma yawancin faɗuwar da muka gani a zamanmu ta samo asali ne daga rashin tsayawa a dubi wannan hoton da kyau.

A kan rufin gida ba a yi dogon zance ba. Sai ka ajiye tukunya kafin ka dasa komai, gangaren rufin kuma yana tare harbin kai tsaye, dole ka koma ga masu jifa da kabeji da masara da kankana. Kusan kowa ya ji daɗinsa, in ban da ɓarawon nan mai saukowa da igiya ya ɗauke tsiron da ka sha wahalar tara masa rana.

Gasar fasa tuluna

Babbar gasarmu ta bana a ɓangaren wasan ƙwaƙwalwa muka yi ta, wanda ake kira Vasebreaker. Ga wanda bai buga ba: an jera maka tuluna a fili, wani akwai tsiro a ciki, wani zombi. Koren tulu tabbas tsiro ne, sauran kuwa sai ka fasa ka gani. Babu injin yankan ciyawa da zai cece ka, irin da ya fito kuma idan ka bar shi a ƙasa ɓacewa zai yi. Mun zaɓi nau'in da ba ya ƙarewa, wanda ya fi nisa shi ne zakara.

Zagayen ƙarshe ya kasance tsakanin wani matashi mai saurin hannu da wata yayarmu da kowa ya san ta da natsuwa. Shi yakan fasa tulu uku ko huɗu a jere, ya dogara da cewa hannunsa zai riga 'yan zombi. Ya daɗe hakan yana yi masa aiki. Sai a wani mataki ya fasa tulun da ke ɗauke da zombi mai akwatin da ke fashewa, fashewar ta buɗe tulunan da ke kewaye gaba ɗaya, cikinsu har da ƙaton nan mai ɗauke da ƙaramin zombi a bayansa, wanda bugun tsiro mai murƙushewa sau ɗaya ba ya kashe shi, sai an yi masa biyu. Matashin yana da guda ɗaya kacal a layin. Ita kuwa yayar tamu daga dama take farawa, nesa da gida, tulu ɗaya bayan ɗaya, ba ta fasa na gaba sai ta ga bayan wanda ya fito. Idan ta sami tsiro mai fitila sai ta dasa shi a tsakiyar tuluna, domin yana nuna abin da ke cikin na kusa da shi. Ita ta lashe gasar. Bayan an tashi wasu sun yi ƙorafin cewa wannan ɓangare sa'a ce kawai. Sa'a tana ciki, babu shakka, amma mun ga mutum ɗaya tana kaiwa nesa sau da yawa a jere, kuma sa'a ba ta zaɓen mutum haka.

Ɗaya ɓangaren ƙwaƙwalwar, mai suna I, Zombie, ba mu yi masa gasa ba, kuma na yi nadamar hakan. A nan kai ne ke tura 'yan zombi su ratsa tsirran da aka riga aka jera, kowane zombi da kuɗinsa na rana, ranar kuma ba ta ƙaruwa sai idan sun ci furen rana. Mambobin da suka zauna da shi sun ce ya gyara musu bugun babban wasan, domin wanda ya taɓa neman kafar da zai bi ya shiga, ya san inda zai toshe idan shi ne mai tsaro.

Na farko ko na biyu

Wannan ce muhawarar da ta fi zafi, har sau biyu shugaba yana tsawatarwa. Masu son kashi na biyu suna yaba yawan duniyoyinsa, daga tsohuwar Masar zuwa tekun 'yan fashi da sauransu, da abincin tsiro da ke ba kowane tsiro wani ƙarfi na ɗan lokaci. Sun ce ya fi wuya, ya fi faɗi, kuma kyauta ake sauke shi. Masu son na farko sun ce a can komai da gumi ake samu, ka ci mataki a ba ka sabon tsiro, mataki na gaba kuma ya kawo zombin da wannan tsiron ne maganinsa, a haka wasan yake koyar da kai ba tare da dogon bayani ba. A na biyu akwai tsirran da sai da kuɗi na gaske ake mallakarsu, kuma wasu mambobi sun ce hakan yana sa mutum ya kasa tantance ko dabararsa ce ta gaza ko kuwa abin da bai saya ba ne. Wasu sun amsa cewa sun yi nisa sosai ba su kashe komai ba. Abin da muka amince a kai shi ne duk gasar da za mu yi a kashi na biyu, da tsirran kyauta kaɗai za a shiga, don kada aljihu ya raba tsakanin mambobi.

Iyaye daga cikinmu sun tayar da batun lokaci, musamman lambun da ake shayar da tsirrai a tara kuɗin wasa, wanda ke sa yaro komawa waya kowane ɗan lokaci. Mun ɗauki maganar da muhimmanci, kuma tun daga lokacin muka ƙayyade tsawon zamanmu, muka daina barin sa ya ja dare.

Abin da ya gagare mu

Mun yi alkawarin kammala jerin sunayen tsirrai da 'yan zombi da Hausa, ba mu kammala ba. Wasu sunayen sun zauna da kansu a bakin mambobi, kamar nakiyar dankali, furen rana, mai bokiti da igwar masara. Wasu kuwa har yau kowa da yadda yake kiran su, abin da ke kawo ruɗani idan ana ba mai bugawa shawara cikin gaggawa. Ajin da muka shirya a kan matakin tsira marar iyaka shi ma bai yi nisa ba, domin waɗanda suka iya shi kaɗan ne, kuma ba a yin nisa a cikinsa sai an tara tsirrai masu tsada. Laifin rashin rubuta ra'ayoyin wasu zaman kuwa nawa ne, ina neman afuwar waɗanda suka yi magana ba su ga tasu a nan ba.

A shekara mai zuwa kwamiti yana ba da shawarar a ware zaman farko na kowane wata ga sababbi kaɗai, su buga da hannunsu, mutum ɗaya tak ya riƙa yi musu jagora. Gasar gaba kuma ta zama ta I, Zombie. Duk wanda ke da sunan Hausa da yake ganin ya dace da tsiron tafarnuwar nan mai karkatar da zombi zuwa wani layi, ko zombi mai haƙa rami ya ɓullo ta baya, ya zo da shi a rubuce ranar taro, za a karanta a kaɗa ƙuri'a bayan ma'aji ya gama nasa bayanin.

Sakataren ƙungiya