Zuwa ga ɗiyata, kan kofi da maganin damuwa

Assalamu alaikum ɗiyata,

Na yi farin ciki da kika fara shan maganin da likita ya rubuta miki. Ciwon damuwa ciwo ne kamar kowane ciwo, babu abin kunya a ciki. Abin da ya sa na rubuto shi ne kofi da lemon ƙara kuzarin da kike dirka wa cikinki don ki iya fita aiki.

Na san dalili. Jiki a mace, kai ya yi nauyi, kina kurɓa sai ido ya washe. Amma sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da lemon nan ba ya ƙara ƙarfi, toshe saƙon gajiya yake yi a ƙwaƙwalwa, ita kuwa gajiyar tana nan tana jiranki. Yana kuma daɗewa a jini, bayan kusan awa 5 rabinsa bai fita ba. Wanda kika sha da la'asar shi ke sa ki juyi a kan gado tsakar dare, tunani yana cin ki. Gari ya waye ki tashi a gajiye, ki sake neman wani. Rashin barci kuwa ƙara rura wannan ciwo yake yi.

Ga abin da na fi tsoro. Magungunan damuwa irin su sertraline da fluoxetine sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin amfaninsu ya bayyana sosai, kuma a farko sukan kawo faɗuwar gaba, rawar hannu da ƙauracewar barci. Kafeyin ma haka yake yi. In suka haɗu sai ki ɗora wa maganin laifi, ki watsar da shi tun bai fara aiki ba. Idan kuma fluvoxamine aka ba ki, yana hana hanta sarrafa kafeyin, awa 5 ɗin nan sai ta koma kusan 30.

Kada ki yanke kafeyin rana ɗaya, zai bar ki da ciwon kai da kasala na kwanaki. Ki rage kaɗan-kaɗan, daga azahar ki bar shi. Tramadol kuwa, ko wa ya miƙo miki don gajiya, kada ki karɓa, haɗa shi da maganinki na da hatsari ƙwarai. Ko maganin mura ne ki tambaya tukuna, wasu suna ɗauke da pseudoephedrine mai sa zuciya bugawa da sauri.

Ranar komawa asibiti ki faɗa wa likita komai da kike sha da yawansa, kada ki rage ko ɗaya.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki