Godiya Ga Shagon Kifin Ado Da Ya Mayar Mini Da Kuɗina

Assalamu alaikum.

Zuwa ga mai shagon kifin ado na unguwarmu a nan Jidda da yaransa, musamman ƙanena Bahaushen nan haifaffen Makka da ke kula da ɓangaren halittun ruwan gishiri. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ya dace in yi godiyata a bainar jama'a.

Ranar da na fara shigowa da 'yata, tankin gilashina mai lita 300 bai wuce wata huɗu da haɗawa ba, da 'yan murjanina masu rai, wato halittun teku masu tsirowa a jikin dutse, guda biyar a ciki. Yarinya ta ƙyalla ido ta ga wani tauraron teku, dabbar ruwa mai siffar tauraro, mai ƙullutai baƙi-baƙi a baya, wanda masana ke kira Protoreaster nodosus, ta ce shi take so. Har na ajiye kuɗi a kan tebur. Kai kuwa ƙanena sai ka tambaye ni, "Yaya, akwai murjani a tankin?" Da na ce akwai, ka turo mini kuɗina, ka ce ba ka yarda ka sayar mini da abin da zai cinye mini dukiya ba.

Ka zaunar da mu ka bayyana cewa bakin wannan halitta a ƙarƙashinta yake. Takan hau kan murjani, ta fito da tumbinta waje ta shimfiɗa, ta narkar da naman ta tsotse. Haka ɗan'uwanta mai jajayen ƙayoyi na gaɓar Gabashin Afirka yake yi. Na nuna wani shuɗin tauraro mai kyau, Linckia, ka ce shi ba ruwansa da murjani, amma abincinsa ɗan yauƙin da ke tsirowa a jikin duwatsu ne, kuma a sabon tanki irin nawa yunwa za ta riƙa cin sa a hankali har ƙafafunsa su fara zagwanyewa, ni ban ma sani ba. Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai, domin dabba ce da ba ta kuka, kuma amana ce a wuyan wanda ya tsare ta.

Daga ƙarshe ka ba mu wani tauraro mai siraran ƙafafu masu kama da maciji, wanda kuɗinsa bai kai na sauran ba, mai ɓuya a ƙarƙashin dutse da rana, ya fito da dare ya share ragowar abinci. Ko a cikinsu ma ka ware koren, ka ce idan ya girma yana kama ƙananan kifaye suna barci.

Sai batun ruwa. Da niyyata in riƙa ɗebowa daga bakin teku tunda ga shi kusa. Ka tuna mini cewa gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, alhali yawancin tekuna 35 ne, kuma tauraron teku ba shi da jini, ruwan tekun ne ke zagaya jikinsa yana motsa ƙafafunsa, don haka sauyin gishiri farat ɗaya na iya halaka shi. Ka rubuta mini a takarda: na'urar awon gishiri ta nuna 1.025, zafi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin Celsius, kada maganin kifi mai tagulla ya kusanci tankin. Ka ba ni siririn tiyo kyauta, ka ce in riƙa ɗiga masa ruwan tankina ɗigo-ɗigo har awa biyu kafin in sake shi. Haka na yi, ni da 'yata muna zaune muna ƙirga ɗigo.

Da tankin ya cika shekara na dawo, a nan ka yarda ka ba mu ɗan jan tauraron da ake kira Fromia guda ɗaya tak, bayan ka gaya mini gaskiya cewa shi ma riƙonsa sai da sa ido. Yau watansa uku, yana can maƙale a jikin gilashi, murjanina biyar kuma duk suna nan, biyu ma sun yi rassa.

Alhaji mai shago, ka riƙe wannan yaro da kyau. Allah ya ƙara kasuwa, ya sa albarka a cikin nemanku. 'Yata na gaida ku, ta ce ranar Asabar za ta kawo muku hoton.

Naku,
Abokin cinikinku daga Jidda