Wasiƙa daga Chennai zuwa ga Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da sauran mutanen gida. Ni ma lafiyata ƙalau, karatu yana tafiya, alhamdu lillahi.

Ka tambaye ni a waya ko ina fita ganin gari. To, a hutun nan mun ɗan zaga jihar Tamil Nadu, inda Chennai take a nan kudancin Indiya, ni da abokan karatu, kuma duk inda na tsaya kai ne ke faɗo mini a rai. Abin da mutanen nan suka yi da dutse, sai magini irinka ne zai san darajarsa.

Akwai wani gari a bakin teku mai suna Mahabalipuram, kusan kilomita 60 kudu da Chennai. Sarakunan Pallava ne suka sa aka yi aikin wurin a ƙarni na 7 da na 8. Baba, wasu ɗakunan ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi. Dutse guda suka samu, suka yi ta fafe shi har ya zama ɗaki da ginshiƙai da rufi. Babu kwaɓi, babu tubali, babu inda aka haɗa wani da wani. Biyar ne a waje ɗaya, ga giwa tsaye a gefe, ita ma daga dutse guda aka fitar da ita. Daga sama suka faro aikin, shi ya sa za ka ga kan ɗaki ya kammala tsaf, gindinsa kuwa da saura, domin ba a ƙarasa ba. Na shafa bangon da hannuna, sawun ƙarfen masassaƙan yana nan raɗau. Na daɗe tsaye ina tunanin mutumin da ya san in ya kuskure sara ɗaya ba shi da abin toshewa. Har yau sana'ar ba ta mutu a garin ba. A bakin titi za ka ga masassaƙa zaune, ƙura ta yi musu fari fat, suna ta ƙwanƙwasa dutse, baƙi na tsayawa suna saye.

A garin Thanjavur kuma ginin ne sosai, wani babban ɗakin bautar 'yan Hindu. Sarki Rajaraja Chola ya kammala shi a shekarar 1010, hasumiyarsa ta haura mita 60, duk da dutse mai tauri aka ɗora ta. Shekara dubu da ɗoriya ke nan, ko gezau.

Na san Umma za ta ce me ya kai ni wuraren bautar wasu. Ka kwantar mata da hankali. Kallon aikin hannu ne ya kai ni, ban shiga sha'anin ibadarsu ba, su ma ba su matsa wa kowa. Musulmi kuwa suna nan da yawa, kuma sun daɗe a ƙasar. Sallar Juma'a a masallacin Wallajah nake yi, a unguwar Triplicane. A 1795 aka gina shi, shi ma da dutse zalla, ba katako ba ƙarfe. In an idar nakan ci shinkafar biriyani a nan kusa, da yamma in taka zuwa gaɓar teku ta Marina in sha iska.

Mun hau tsaunin Ooty ma, a wani ƙaramin jirgin ƙasa da ke tashi daga Mettupalayam. Tafiyar kilomita 46 ce amma tana cin kusan awa 5, saboda hawan ya yi tsaye, har haƙoran ƙarfe aka sa a tsakiyar layin don kada jirgin ya zame. Sanyin can ya fi na Jos nesa ba kusa ba. Gonakin shayi ne ko'ina, na sayo wa Umma ganyen, zan ba mai tahowa ya kawo.

Roƙona ɗaya ne, Baba. In Allah ya kai mu bikin kammala karatu, ka daure ka zo, in kai ka Mahabalipuram ka gani da idonka. Ina ɗan tara abin da ya samu don kuɗin jirgi, na kuma yi maganar da Yaya, ya ce zai cika. Ka sa a fara neman fasfo tun yanzu, don aikin biza yana ɗaukar lokaci.

A gaida Umma da Gwaggo da ƙannena duka. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
ɗanka